Kakin da Na Kai wa Likita

Ko tsufa ya sa na mance sunayen jikokina, ba zan mance da kunyar da na jawo wa kaina a Birnin Kebbi ba.

Bandar kifi nake yi a Argungu. Shekara da shekaru ina shan hayaƙi, har tari ya zauna mini a ƙirji, kwando ɗaya ma sai na huta sau uku kafin in kai shi kasuwa. Sai ga wasu likitoci, wai suna binciken majinar huhu, yadda take kauri ta toshe wa mutum numfashi. Suka ce duk mai tari ya yi kaki a 'yar kwalba, wanda aka gano ciwonsa a ba shi magani. Suka rubuta sunana a jikin tawa.

Nan hankalina ya tashi. Mu da muke binne farce da gashin aski don gudun asiri, ni zan miƙa wa baƙo kakina, har da sunana a kai? Amma maganin ina so. Na koma gida, na damƙo tarwaɗa mai rai, na kankare yauƙin bayanta da cokali, na cika kwalba. A lokacin gani nake duk Kabi babu mai wayona.

Maiɗakina ta ce, "Malam, kai za a warkar ko kifin?" Na ce ta ji da tukunyarta.

Bayan kwanaki da miƙa kwalbar aka kira ni asibiti a Birni. Likitar, mace ce, ta buɗe kwalbar, ƙarni ya cika ɗakin.

"Baba, cikin ruwa kake kwana?"

"A'a, Likita."

"To mai kakin nan lafiyarshi lau. A maida shi gulbi kawai."

Ma'aikata na ta dariya har da riƙe ciki. Dole na faɗi gaskiya. Ta ce, "Wa zai wahalar da kanshi yi maka asiri? Hayaƙi ya riga shi. Yau muke rufe karɓa. Ko naka yanzu, ko in goge sunanka."

Na juya bango, na yi tarin da sai da hulata ta faɗi. Abin da ya fito baƙi ne kamar gindin tukunya. Da ta gani sai dariyar ta tsaya. Aka ba ni maganin shaƙa, aka ce in fitar da murhun banda fili.

Tarin bai rabu da ni duka ba, amma ina numfashi. Na dai gane mai ciwo ba ya wayo. Abin da ke ƙirjinka, komai muninsa, shi za ka kai.