Sukurun Baba Babba

Motarmu ta girme ni, ta girmi Mama, ina ma zaton ta girmi titin Maisandari. Kakanmu ne ya saye ta bayan ya sayar da ragowar garkensa ya zauna a gari. Da ya rasu ta zama ta Baba da yayansa, wanda muke kira Baba Babba. Motocin mutane kafireta ɗaya ta ishe su. Tamu biyu gare ta, ta gaba da ta baya, kuma ba su taɓa yin shawara da juna ba.

In tana gudu lafiya lau take. Matsalar silo ce, wato lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur aka tsaya. Sai ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, ta yi tari biyu, ta mutu. Batir ya tsufa, don haka sai turi. Yayyena maza duk suna makarantar kwana, shi ya sa mai turin ni ce, da hijabina da jakar littattafai. Kuma motar nan ba ta mutuwa a lungu inda babu kowa. Sai ta jira cunkoson Kasuwar Kwastam, daidai lokacin da 'yan ajinmu ke wucewa a keke. Har suna suka sa min a makaranta, wanda ba zan rubuta ba ko za a yanka ni.

Asabar huɗu a jere wani tsohon bakanike yana zuwa daga Hausari. Ya canja fulogogi. Ya wanke kafireta da fetur, ya hura ta da baki har idonsa ya yi ja. Ya murɗa sukurun silo dama, ya murɗa hagu. Ina zaune a kan bokiti ina kallo, sai na lura duk wahalar nan ta baya ce ke shan ta. Ta gaba ko da kuskure bai taɓa ta ba.

Mama ce ta gaya min dalili. Shekarun baya Baba Babba ya murɗa sukurun ta gaba da hannunsa, ya ce ya daidaita shi. A gidanmu kuwa abin da babba ya ɗaure ƙarami ba ya kwancewa. Ko rago Baba Babba ya ɗaure a rana, sai dai a kawo wa ragon rumfa.

Asabar ta biyar bakaniken ya yanko guntun tiyo. Ya ce kowace kafireta tana shaƙar iska da ƙara, kuma dole ƙarar biyun ta zo ɗaya. Ya kara tiyon a kunne, ya yamutsa fuska.

"Alhaji, kunnena janareto ya cinye shi. Ba na jin komai."

"Ba wa waccan," in ji Baba. "Tana jin abin da ake faɗa a gida na uku."

Na sa baki ɗaya na tiyon a kunne, bakaniken ya kai ɗayan zuwa bakin kafireta ta baya. Wata 'yar ƙara ce, kamar jariri yana barci. Ya mayar ta gaba. Na ji kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai.

"Ta gaba ce," na ce. "Ta buɗe da yawa. Ita take zuƙa, ku kuma kuna ta shaƙe ta baya."

Bakaniken ya tsura wa sukudirebansa ido kamar ranar ya fara ganinsa. Baba ya yi gyaran murya. Na manta Baba Babba yana nan zaune a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, yana shan shayi.

Ya taso a hankali. "Kawo tiyon nan, 'yar nan."

Ya saurari ta gaba, ya saurari ta baya, ya daɗe yana gyaɗa kai. Mutumin da sai an yi masa sallama sau uku kafin ya amsa.

"Ta baya ce ba ta da ƙarfi," ya ce.

"Haka ne, Yaya," in ji Baba.

"Ni ma abin da na gani ke nan, Alhaji," in ji bakaniken, wanda ɗazu ya ce ba ya ji.

"Baba Babba, to ko rabin murɗi a rage wa ta gaba?" na ce.

"Ke da kika zo duniya jiya? Ranar da na saita sukurun nan ko rarrafe ba ki fara ba."

Ina aji huɗu a firamare lokacin da ya saita shi, amma Baba ya harare ni, na haɗiye maganar.

Sai aka yi abin da gidanmu kaɗai zai yi. Tunda ba za a sauko da ta gaba ba, aka ɗaga ta baya ta same ta. Bakaniken yana murɗawa, ina saurare, injin yana ƙara hawa. Da ƙarar biyun ta zo ɗaya na ɗaga hannu. Kakkarwa ta tsaya cak. Amma motar, a tsaye, ba ƙafar kowa a totur, tana ihu kamar injin markaɗe ranar biki. Kajin Mama suka haura katanga.

"Kun ji lafiya," in ji Baba Babba, ya koma tabarmarsa.

Ranar Litinin muka shiga cunkoson Kwastam. Ba ta mutu ba. Ba ta da niyyar mutuwa. Masu keke suka riƙa darewa, wani mai lemo ya janye tirensa, wani ya leƙo ya tambayi Baba ko mara lafiya muka ɗauko. Baba ya amsa, amma ban ji me ya ce ba.

Ban sake turi ba. Yanzu kwanciya nake yi a kujerar baya, in rufe fuska da jaka, har mu wuce kasuwa. Amfanin hakan kaɗan ne, domin tun muna kwanar makaranta 'yan ajinmu suke sanin na iso.