Ƙaryar da Na Yi wa Haruna Kafinta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Haruna kafinta makwancinsa a Madina, Allah Ya jiƙansa. Mutane sun sha faɗin kirkinsa. Ni hassadar da na yi masa zan faɗa, don har yau ba ta sake ni ba.

Na zo Madina koyarwa bayan zaman Landan da Alƙahira da Faris, ina jin harsuna biyar, ina kuma son a sani. Haruna kuwa jikan alhazan Kano ne da suka zo da ƙafa. Bai taɓa wuce Jidda ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Cikin kayana akwai kaset ɗin wasu mawaƙan Ingila, 'yan birni da suka ari kiɗan makiyayan Amurka suna yi wa mahukuntan Ingila shaguɓe. Ban so ɗalibaina su gan shi a gidana ba, sai na kai shi shagon Haruna a unguwar Harra ta Yamma, can nake zuwa in ji shi.

Ran nan na tarar ya ajiye zarto yana saurare.

"Ya Ustaz, wannan miskinin gidansu aka rushe, sah, ko ba haka ba? Dariya yake yi don kada ya yi kuka."

Haka ne kuwa. Waƙar tsohuwar unguwa ce da aka rushe, aka kwashe mutanenta aka zuba a dogayen benaye. Shekara biyu ina jinta, na san kowace kalma, amma barkwanci kawai na ɗauke ta. Shi ko kalma ɗaya bai sani ba. Abin ya tsaya mini a rai.

"Ina! Waƙar soyayya ce, budurwa ce ta guje shi."

"Tayyib, ka fi ni sani."

Daga ranar bai ƙara faɗin abin da ya ji ba, sai dai ya tambaye ni. Na yi ta cewa gobe zan gyara, har ciwo ya kwantar da shi.

Yanzu ana rushe tsofaffin lungunan kusa da Harami, har da wanda aka haife shi a ciki. Ina wucewa ina tunanin me zai ce. Na tabbata a magana ɗaya zai gama abin da ni zan cika shafi ban kai gare shi ba, kuma hakan ma haushi yake ba ni.

Ƙofofin da ya sassaƙa sun tafi da gidajen. Abin da ya rage shi ne gaskiyar da ya ji, na danne. Haruna, kai ne daidai, ka yafe mini. Kunnen nan naka dai, da ana rabon gadonsa, da na riga 'ya'yanka zuwa.