Kwana Biyar da Na Riƙe Dauda Mai Inji

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da Dauda Mai Inji ya shigo birona, wato ofishina, ya mai da ƙofa ya rufe ba. Lokacin cirar albasa ne, ana zafi, manyan motoci na ta wucewa bisa gudron da buhuna har sama. A lokacin ni ke riƙe da takardun baƙi a asibitin mishan da na yi wa aiki, ba nisa da Madawa. Ga wanda bai san aikin ba, duk baƙon da ya zo mana daga waje ni ke bin takardar zamansa, in zai fita kuma in yankar masa biyen jirgi, wato tikiti, in duba biza da karnen allura, wato katin rigakafi. Dosiye, wato kundin takardun mutum, ba ya barin teburina sai na tabbata komai ya cika, sannan shef, shugabanmu, ya sa hannu.

Dauda dattijo ne, ya haura sittin. Shi ke gyaran injin wuta da famfunan asibiti, shi ya sa muka raɗa masa sunan. Kowa ya san shi a matsayin Bafaranshe. Ba ya zuwa majami'a ran Lahadi, ba ya zuwa masallaci ran Juma'a, ran Asabar kuma ba ya taɓa ko ƙusa. Shi kaɗai yake cin abinci. Ni ma iyalina suna Karofane, sai ƙarshen wata nake ganinsu, don haka da la'asar mukan zauna gindin itacen bedi mu sha shayi, ba tare da wata doguwar hira ba.

Ran Talatar nan sai ya ajiye fasfo biyu gabana. Ɗaya na Faransa wanda na sani, ɗaya kuma shuɗi mai rubutun da ban iya karantawa ba. Ya ce na Isra'ila ne, can aka haife shi, kuma ya roƙe ni maganar ta tsaya tsakaninmu. Na ce ta tsaya.

Ya ce Filipin yake son zuwa, ƙasar nan mai tsibirai birjik a cikin teku. Akwai wata mata can, Marisel, wadda ta yi jinyar mahaifiyarsa shekara da shekaru yayin da shi yake yawon aiki ƙasa ƙasa. Ita ke yi wa tsohuwar wanka, ita ke ba ta abinci a baki, a hannunta ta cika. Bayan haka ta koma tsibirinsu. Yanzu ɗiyarta ta aiko cewa ba ta da lafiya.

"Malam Iliya," in ji shi, "ta yi wa uwata abin da ni ban yi ba. Ina son in zauna kusa da ita iyakar kwanakin da doka ta yarda."

Na shiga bincike. Na tarar ɗan Isra'ila ba ya buƙatar biza don shiga ƙasar, ana ba shi kusan wata biyu, Bafaranshe kuwa wata ɗaya. Da na yi mamaki, Dauda ya ce zumunci ne tsoho, ƙasar ta taɓa buɗe wa Yahudawa ƙofa lokacin da ake korarsu a Turai. Sharuɗɗan ba su da yawa: fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla, a riƙe biyen dawowa, a cika wata takarda ta intanet kafin sauka. Wanda ya taso daga ƙasa irin tamu kuma sai ya nuna karnen allurar shawara. Har na rubuta masa shawarwari a takarda: ya ɗauki tufafi marasa nauyi da maganin sauro, ya bar ratar kwana tsakanin jirgin sama da na ruwa, don iska takan hana jiragen ruwa tashi.

A karnen allurar na ga matsala. Sunan da ke ciki na fasfon Faransa ne, a fasfon Isra'ila kuwa sunan gidansu daban ne, don mahaifinsa ya canza shi da suka koma can. Na taɓa ganin an mai do da wata ma'aikaciyarmu daga filin jirgi saboda harafi ɗaya, kuma ni aka zarga. Sai na ce ba zan yanki biye ba sai na samu tabbaci. Na rubuta wa ofishin da ya dace tambaya, ban ambaci suna ba, na zauna jira.

Kullum da safe Dauda yakan leƙo ya gaishe ni, in girgiza kai, ya wuce wurin injinsa. Bai taɓa matsa mini ba. Ran kwana na biyar amsa ta zo, layi biyu: ya nuna fasfo biyun tare, ya isa. Na yanki biye, shef ya sa hannu bisa takardar hutu, na raka shi tasha ya hau motar Yamai.

Ya yi kwanakinsa cif ya dawo, damina ta fara. Ya rame, rana ta ƙona shi. Da la'asar ya zo gindin bedi ya zauna, na zuba masa shayi, na tambaye shi mai jiki. Ya ce ta rasu kwana biyu kafin ya isa. Ya tarar da ita a akwati tsakar ɗaki, dangi na zaman makoki, ɗiyar ta gane shi tun daga ƙofa saboda hotonsa da uwar ta ajiye. Sauran kwanakin ya yi su ne yana gyara musu rufin ɗaki da famfon unguwa.

Na ajiye kofin shayin. Na tambaye shi ko ma'aikatan filin jirgi sun yi magana a kan karnen. Ya ce ba wanda ya ko tambaye shi. Da ya ga fuskata sai ya ƙara da cewa iska ma ta riƙe jirgin ruwa kwana ɗaya, kada in ɗora wa kaina. Na ƙirga a zuci, kwana ɗaya ba biyar ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanya tana gabana tun ranar farko. Da na tura shi da fasfon Faransa da ya tashi washegari, sunan karne ya dace, in wata ya cika ya nemi ƙarin kwana a can. Ya ce mini yana son dogon zama, ni kuma na manne wa wannan, ban tambaye shi yadda jikin nata ya yi tsanani ba. Shi ma kawaici ya hana shi faɗa. Ba ni da wanda zan kai wa wannan damuwa, ko matata, don na riga na yi alkawari. Shekara guda bayan haka ya gama aikinsa ya tafi, kuma har ya tafi bai sake ta da maganar ba.

Ku da kuka gaje mu a wannan tebur, ku bi doka, ban ce ku sake ta ba. Amma mutanen da ke zuwa da fasfo ba duka ne masu yawon shan iska ba, kuma wanda ya fi gaggawa sau da yawa shi ne wanda ba zai ɗaga murya ba. Tun daga kan Dauda, ban sake buɗe dosiyen kowa ba sai na fara tambayarsa wa ke jiransa a can, kuma kwana nawa mai jiran zai iya yi.