Yadda gwaggona ta rufe telesantar ana layi a ƙofa

Shekarun baya, kafin salula ta shiga aljihun kowa, ni ke riƙe da telesantar ɗin gwaggona, wato shagon buga waya, a kusa da tashar Ƙonni. Kabin uku gare mu, 'yan ɗakunan da ake shiga a yi kira, da ma'aikata mata biyu, kuma daga wannan shagon gidanmu duka ke ci. 'Yan albasar Galmi su ne manyan masu zuwa, su kira Abijan su ji yadda kasuwa ta kwana. Ni kuwa ina zaune bayan tebur ana ce mini darakta, har na fara tafiya irin ta daraktoci.

Shekarar da ciniki ya fi kowace kyau, sai na kai wa gwaggo tsarina: mu ƙara kabin biyu, mu buɗe reshe a Malbaza. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Alhajin nan mai albasa da ka zamnawa bisa benci, yaushe rabonshi da shiga kabin?"

Na ce ai kullum yana zuwa.

"Zuwa yaka yi, ku yi hira, shi tahi. Salula tana aljihunai. Manya sunka fara, ɗana. Ƙanana na biye."

Ta ce saidawa za mu yi tun abin yana da daraja. Wallahi raina ya ɓaci, don ranar ma layi ne har waje. Na ce, "Gwaggo, wa ka yanka saniya tana ba da nono?" Ta ce, "Wanda ya san cewa mahauci ba ya sayen mushe."

Ma'aikatan ta fara kira, tun kafin maganar ta fita gari. Ta gaya musu gaskiya, ta ce ba wadda za ta kora. Ɗaya ta aika Sakkwato ta koyi harkar salula wurin wani ɗan'uwanmu, ɗaya ta kama saida katin waya. Ni darakta aka ba ni aikin jera wayoyin caji a jikin katako.

Maƙwabcinmu, shi ma mai telesantar, ya zo sayen kayan yana murna. Gwaggo ba ta ɓoye masa ba. Ta ce, "Malam, ka ji dalilina tukuna, kada gobe ka ce na cuce ka." Ya ji, ya yi dariya, ya ce Hajiya tsoro gare ta, ya kwashe.

Watannin farko mun ji jiki. Ina kallon layinmu ya koma ƙofarsa, ga gori daga abokai. Sannu a hankali sai mutanen Bazaga da Alela, da ba su da lantarki, suka fara sauka daga kabu-kabu ranar kasuwar Laraba, kowa da wayoyin ƙauyensu a leda, mu yi musu caji. Ba a daɗe ba maƙwabcin ya rufe. Ban yi farin ciki ba, mutumin kirki ne, kuma tsarin da ya bi nawa ne sak.

Yau ina da ma'aikata nawa, kuma duk shekarar da ciniki ya yi daɗi nakan rasa sukuni. Idan manajana ya zo yana washe baki da labarin masu shigowa, nakan ce madalla, sannan in tambaye shi wane babba ne ya daina saye amma bai daina gaisuwa ba.