Kabar saman ƙofa

Shekarun da ake aikin dam na Bakolori, a Talata Mafara muka yi su. Maigidana yana tuƙa motar kwasar ƙasa a wurin aikin, ya fita da sassafe ya dawo da jar ƙasa har cikin kunne. Ɗaki biyu muka samu a gidan wani mahauci, mu kaɗai ne Kirista a layin. Mahaifiyar mai gidan tsohuwa ce siririya mai son ba'a, kowa Inna yake ce mata. Ita ta yi mini wankan jego da na haifi ɗana na biyu, don uwata tana nesa. Har yau in na ji ƙamshin kunun kanwa, hannunta nake tunawa.

Cocinmu rumfar kwano ce a bayan gari. Fada, limamin cocinmu, yakan zo daga Gusau jefi-jefi, sauran ranaku wani dattijo, katikis ɗinmu, shi ke ja mana addu'a. Ranar Lahadin da muke tuna shigar Yesu Urushalima, akan sa wa ganyen dabino albarka a raba mana. Mu a can kaba muke samu, wadda ake yankowa ta hanyar Bakura. Kowa ya kai tasa gida ta shekara. In azumin kwana arba'in ya gabato sai a mayar da ita coci a ƙona, tokar kuma a shafa mana a goshi ranar Larabar da za a fara azumi. Tawa kabar a saman ƙofa nake soke ta.

Wata shekara, saura mako biyu azumi, na dawo daga ajin yaƙi da jahilci da littafina a hannu. Na ɗaga kai, babu kaba. Ga Inna a tsakar gida tana ɗinkin bakin faifai, ga ƙwaryar ruwa da sauran kaba a jiƙe.

"Sannu da zuwa, malama," in ji ta. "Yau mi aka karanto muna?"

"Inna, kabar saman ƙofata fa?"

"Ga ta nan ga hwaihwai. Ta bushe, gizo-gizo ya yi gida cikinta. Gobe in sa a kawo miki ɗanya, dami guda."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ban ɗaga ba. A hankali na ce, "Ke ba uwata ba ce da za ki riƙa taɓa mini kaya."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Gaskiyarki. Allah shi ba ki haƙuri."

Daga ranar gaisuwa ta gajarce. A da in na durƙusa da safe sai ta tambayi kwana, gajiya, yara ɗaya bayan ɗaya, maigida, aikin dam, har mutanen garinmu da ba ta taɓa gani ba. Yanzu "lahiya" kawai take cewa, ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta hana yarana ƙosai ba, ba ta kai ƙarata wurin ɗanta ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Lahadin ƙarshe kafin azumi kowa ya zo da kabarsa, ana zubawa a daro. Katikis ya dube ni.

"Uwar yara, ina taki?"

Na ba shi labari, ina jira ya taya ni jin haushi. Sai ya yi dariya.

"Toka ba matsala, ta wani ma za ta ishe goshinki. Amma tsohuwar nan ta san kabar mai albarka ce?"

"A'a, Baba."

"Kin taɓa gaya mata?"

Shekara uku muna gida ɗaya, ban taɓa buɗe baki na yi mata bayanin komai na addininmu ba. Kunya ce ko tsoro, ban sani ba.

"To, ki je ki gyara kafin Laraba," in ji shi. "Kada ki zo mini da goshi a wanke, zuciya kuwa da datti."

Litinin ta wuce ban iya ba. Talata ranar kasuwa ce, gidan ya cika da hayaniyar masu ɗaukar nama. Sai da la'asar na same ta ita kaɗai tana wanke kayan ciki a bakin rijiya. Na durƙusa na gaya mata komai: albarkar, ƙonawar, tokar, azumin. Na ce ta yafe mini maganar da na yi.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Azumi? Na kwana nawa?"

"Arba'in, Inna."

"Arba'in! Kun hi mu da goma ke nan. Gobe za a ɗauka?"

"Gobe."

"To, tashi, kada ruwan ya ɓata miki zane."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na koma ɗaki ban san matsayina ba.

Da asuba, kafin ladan ya kira salla, aka buga mana ƙofa. Maigidana ya zabura, ya zaci motar ma'aikata ce ta zo. Na buɗe, sai ga Inna da fitilar ƙwai, da kwanon kunun tsamiya, da kilishi a ƙunshe cikin takarda.

"Ke, barci kike? Alhijir zai keto ba ki sa komi ga bakinki ba!"

Ashe sahur ta kawo mini. Na tsaya riƙe da ƙofa. A da, da karɓa kawai zan yi in ɓoye kilishin. Amma na ce, "Inna, mu ba ma sahur. Nama kuma yau ba ma ci."

Ta ɗaga fitilar ta haska fuskata.

"Azumi ba sahur, ba nama, kuma cikin gidan mahauta! Wannan wace irin wahala ce kuka ɗauko wa kanku? Kunun hwa, shi ma an hana?"

"Ba a hana ba."

"To zauna ki sha, ɗiyata, tun bai huce ba. Kilishin a aje wa jikokina."

Na zauna a bakin ƙofa na sha, ita kuma ta jawo turmi ta zauna. Ta tambayi kwana, ta tambayi yara, ta tambayi maigida da aikin dam. Tana cikin tambayar mutanen garinmu ladan ya kira salla.