Muryar Baba a Layin Kwalabe

Jama'a, yau na ji muryar Babana a kanti, alhali shekara uku ke nan da rasuwarsa!

Kun san lemon inabin nan marar giya da yake saya mana duk Sallah in ya zo wurinmu a unguwar Bronx? Reshen babban kantin sarin da muke zuwa ya daina kawowa. Wata nas a wurin aikinmu ta ce kowane reshe da irin kayansa, in gwada na jihar New Jersey. Yau na tsallaka.

Ina shiga, ga kwalabe jere har sama. Na hango mai koren wuya, sak irin tasa. Na rungumo biyu!

Sai na ji a bayana: "Ɗiyata, aje su! Wagga giya ta."

Wallahi haka Baba yake magana! Na juya, sai ga wani dattijo da rigar ma'aikata, mutumin garin Tawa. Ashe ya ji ina waya da Hausa, ina maganar reshenmu na Bronx.

Ya ce, "Nan ana saida giya, ba kamar reshenku ba. Mi kika biɗa?"

Na faɗa masa. Ya tafi ya dawo da kwalba ɗaya, ita kaɗai ta rage.

Sai hawaye suka zubo mini! Ya rikice. "Subhanallahi, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Don Allah sake kira na yadda ka kira ni ɗazu."

Ya dube ni, a hankali ya ce, "Ɗiyata, Allah shi jiƙan wanda kika tuna."