Ranar da Kibiya ta dawo da baya

Dattijon nan Don Chofo Zamarripa ba ya danna maɓalli sai ya goge babban yatsansa a aljihun ƙirjinsa. A cikin aljihun akwai wani ɗan hoton Maryama uwar Yesu da ya koɗe, wanda mahaifiyarsa ta ba shi ranar da ya baro Galeana ya gangaro Monterrey neman aiki. Shi dai cewa yake gumi yake sharewa. Amma ko a watan Janairu, lokacin da iskar arewa ke ratsa mutum har ƙashi, sai ya share gumin nan.

Ya daɗe yana tuƙa bas a cikin gari, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Ulises ne ya samo masa aiki a filin wasan yara da ke bayan gari. Ulises ɗan amininsa ne, Don Chofo ne ya riƙe shi a coci ranar baftisma, kuma yaron ya yi karatu ya zama injiniyan babban jirgin wasa mai gudu a kan dogo da ake kira Kibiya.

Kibiya ba irin tsofaffin nan ba ce da sarƙa ke jansu su hau tudu a hankali suna ƙaƙas-ƙaƙas. A shimfiɗaɗɗen dogo take tsayawa, shiru, mutane na ɗaure a kujeru. Ranar farko Ulises ya shiga da shi ɗakin inji ya nuna masa komai. Ga igiyar ƙarfe naɗe a jikin wata ganga mai girman ɗaki, ga tankunan da famfo ke matsa mai a cikinsu har su cika su batse da ƙarfi. A bakin igiyar akwai ƙugiya da ke kama jirgin ta ƙasa. In aka saki man nan gaba ɗaya, ganga ta juya, igiya ta fizga, kafin mutum ya haɗiye yawu ya wuce gudun duk wata mota da ke kan babban titi. Daga nan ƙugiya ta sake shi, dogo ya miƙe tsaye ya nufi sama, jirgi ya hau hasumiya da wannan turin kaɗai, ya leƙa, ya zubo ta ɗaya gefen.

"Wato shi kansa ba shi da inji," in ji Don Chofo.

"Ko na keken ɗinki, Baba."

"To in bai kai ba fa?"

"Sai ya dawo. Ka ga farantan tagullan nan? Suna kwantawa ya wuce, yana wucewa su tashi. In ya dawo sai su shiga tsakanin maganaɗisun da ke cikinsa, su tsayar da shi ba tare da sun taɓa shi ba. Da ma an gina shi ne don ya iya dawowa."

"Kamar kawunka da ya tafi Texas."

"Kawu ai babu abin da ya tsayar da shi sai gadon Kaka."

Aikin Don Chofo ba shi da yawa. Yana zaune a ɗakin gilashi, 'yan matan da ke duba maɗaurin kujeru su ɗaga masa yatsa, koriyar fitila ta kama, ya danna. Ƙarfin turin kwamfuta ce ke yanke shi. In fitila ba ta kama ba, ko zama ya yi a kan maɓallin babu abin da zai motsa. Duk da haka yana ji da aikin. A unguwarmu yara kan bi shi da yamma suna tambayarsa ko gaskiya ne kumatun mutum na komawa bayan kunne, shi kuma ya ce ya taɓa ganin wanda haƙoran robansa suka riga shi zuwa.

Ranar da abin ya faru, makarantar unguwarmu ce ta kai yara. Iskar arewa ta kwana tana kaɗawa, kuma ta gaba take bugo hasumiyar. Ƙa'idar wurin ita ce da safe a cika kujeru da mutum-mutumin roba masu ruwa a ciki, a yi ta harba jirgin har tayoyi su ɗumama, girishi ya saki. To motocin makaranta sun yi sammako. Manaja, wani da ake kira Licenciado Olvera, ya leƙa ya ga malamai na rawar ɗari a bakin ƙofa, ya ce gwaji ɗaya ya isa. Ulises na tsaye a wurin. Ya dubi tutar da ke kan hasumiya, ya dubi takalmansa.

Aka zuba 'yan mata 'yan aji ɗaya na sakandare, waɗanda ukunsu ba su kai nauyin Don Chofo ba. Yatsu suka tashi, fitila ta kama, ya danna. Kibiya ta tafi da ihunsu, ta hau, ta hau, ta yi sanyi dab da ƙololuwa, ta tsaya kamar mai tunani. Sai ta gangaro da baya. Farantai na tsaye suna jiranta, suka karɓe ta a hankali, ta tsaya inda ya kamata ta tsaya. Ko ƙwarzane babu wadda ta samu. Rabinsu ma cewa suke a sake. Yaretzi ce kaɗai, 'yar Doña Chayo mai sayar da tamale, wato alalar masara, ta yi amai ta kuma ƙi daina kuka.

Wani malami ya ɗauki abin a waya. Kafin la'asar duk garin ya gani.

Washegari filin wasan ya fitar da sanarwa cewa kuskuren ma'aikaci ne, ya harba jirgi kafin lokaci, kuma an ɗauki mataki. Ba su ambaci suna ba. Ba sa buƙata, tunda ɗakin gilashi ne kuma hoton ya fito da furfurarsa tar. Hutun Ista na matsowa. Gaya wa iyaye cewa na'ura takan yi haka wani lokaci, bayani ne mai tsawo. Tsoho ya yi kuskure kuwa, gajeriyar magana ce.

Licenciado ya kira shi ofis, har da miƙo masa kofi.

"Don Crisóforo," ya kira shi da cikakken sunansa, "zauna mana. Ai mu iyali ɗaya ne a nan. Za mu mayar da kai wurin ajiye motoci, inuwa ce, gwiwarka ta huta. Ranar Juma'a kuma za mu je makaranta, ka ɗan ba iyaye haƙuri. Kalma biyu."

"Haƙurin me, ranka ya daɗe?"

"Na tsoron da yara suka ji."

"Fitila ta kama."

"Babu wanda ya ce ba ta kama ba," in ji Licenciado, yana murmushi, alhali jiya-jiya ya faɗa wa gari guda haka.

A unguwa kuwa an riga an raɗa masa suna. In ya zo wucewa ta wurin mai gasa nama, sai wani ya ɗaga murya: "Ku matsa, ga Mai Ribas nan!" Wani ya ce, "Don Chofo, a bas ma haka kake kai mutane gida?" Wannan duk ya shanye, har yakan mayar musu. Abin da ya kasa shanyewa shi ne Doña Chayo. Shekara da shekaru yana sayen tamale a hannunta duk Lahadi bayan coci. Wannan Lahadin ta dube shi ta rufe tukunya.

"Sun ƙare."

"Ga tururi nan, Chayo."

"Na masu ido ne. 'Yata ɗaya, Don Chofo. Ɗaya. In ka tsufa ka zauna a gida mana."

Da yamma Ulises ya zo da ledar lemo. Doña Herlinda, matar Don Chofo, ta karɓi ledar ta ajiye a ƙasa kusa da kare.

"Sannu da zuwa, Injiniya. A coci dai da aka zuba maka ruwa, muryarka har titi. Ina ka kai ta?"

"Mama, don Allah..."

"Bar shi, tsohuwa," in ji Don Chofo. Ya jawo wa yaron kujera. "Ba na so ka rasa aikinka, ga matarka da ciki. Ba jarida na ce ka je ba. Ka taka nan gidan Chayo, ka gaya mata abin da ka gaya mini a ɗakin inji. Kai za ta yarda da kai, kana da farar hular nan ta injiniyoyi."

Ulises ya murza hannuwansa. Ya ce lauyan kamfani ya ja wa kowa kunne. Ya ce a bari ƙura ta lafa, bayan Ista zai zo da kansa, har da hotuna.

"To," in ji Don Chofo. "Allah ya kai mu."

Ranar Juma'a ya sa farar rigarsa ya je makaranta. Iyaye sun cika zauren. Aka miƙa masa makirufo, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Jama'a, jirgin nan ba shi da inji," ya fara. "Turi ɗaya ake yi masa. To ran nan akwai sanyi, kuma da safe..."

Wata budurwa daga ofishin Licenciado ta zare makirufon a hannunsa cikin ladabi, ta gode masa, ta sanar da cewa kowane yaro zai samu tikitin shiga kyauta. Aka yi tafi. Daga baya mutane suka ce tsohon ko haƙurin ma bai iya bayarwa ba, sai kame-kame.

Bai je wurin ajiye motocin ba. Ya mayar musu da rigarsu a wanke a goge.

Bayan Ista ne, da Ulises bai zo ba, Don Chofo ya fara wani aiki a tsakar gida. Ya tsaga tiyon ba da ruwa gida biyu ya yi dogo, ya ɗaure shi a jikin katako, ya tayar da ƙarshensa sama a kan tsohon tsani. Ya samo motar wasan yara, ya yi mata majajjawa da robar tayar keke. In ya ja da ƙarfi, motar ta haye tsani ta faɗa ta can. In ya rage, ta hau, ta tsaya, ta dawo. Doña Herlinda ta ce ya mayar mata da gida wurin makanikai, amma ita ce ke riƙe masa katako in zai buga ƙusa.

Nufinsa ya ɗora abin a baro ranar Lahadi, ya ajiye kusa da tukunyar Chayo, ya bar Yaretzi ta ja robar da hannunta.

Tsayawar ce ta gagara. Ya kwashe maganaɗisun da ke jikin firji ya manna wa motar, ya jera gwangwanin madara a dogo. Ko dai su cafke ta ta kife, ko ta wuce fuu ta faɗa cikin tukwanen da Herlinda ta shuka barkono. Ya ce ba zai nuna wa uwar yarinya mota tana kifewa ba. Da ya kira Ulises a waya, yaron ya ce ai ƙarfe ba zai yi ba, sai tagulla, da maganaɗisu mai ƙarfi, akwai guntaye zube a ɗakin inji, zai kawo masa.

Zafi ya shigo, Ulises bai kawo ba. A watan Yuni, wata ranar Talata da hantsi, Don Chofo ya sunkuya zai ɗauki guduma, ɓarin jikinsa ya ƙi tashi. Bai ƙara magana ba, kuma bai kai ƙarshen watan ba. Filin wasan ya aiko da furannin ta'aziyya masu yawa.

Abin yana nan a tsakar gida a ƙarƙashin rumfa, Herlinda ta hana a taɓa. Yaran unguwa kan shigo su ja robar. Motar na hawa, ta tsaya, ta dawo, ta wuce ta gaban ramuka biyu da ya huda wa farantan tagulla, ta faɗa cikin barkono.